Na ce mata takarda ta ce na jama'a ne

Assalamu alaikum, Malama mai kula da wannan shafi, da ku ƴan'uwa masu karatu. Ina fatan kowa ya tashi lafiya da iyalinsa. Don Allah a ɓoye sunana da lambata, Matameye ba babban gari ba ne, in ka yi tari a tasha sai a yi maka sannu a bakin kasuwa. Ina roƙon kada a yanke mini hukunci sai an kai ƙarshe. In an kai, wanda ya ga na cancanci zagi ya zage ni, amma ya haɗa mini da shawara. Idan kun ga kuskure a rubutuna ku yi haƙuri, da hannuna na rubuta, a hankali, ina gogewa ina sakewa. Ban daɗe da iya rubutu ba, kuma wannan ba magana ba ce da zan iya zaunar da wani ya rubuta mini.

Ni magidanci ne, na wuce arba'in, ban kai hamsin ba. Da damina ina gonata ta hanyar Tsauni, gero da wake da ƴar gyaɗa. In an gama kaka sai in ɗauki jaka in tsallaka Kano cin rani, aikin gini nake yi, kwaɓa siminti da miƙa bulo. Mata ɗaya gare ni, a nan zan kira ta Indo, ko da yake ba sunanta ba ne. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mace ce mai dariya, wadda in tana gida ana jin ta daga waje, kuma a zamanmu ban taɓa jin ta kai ƙarata wurin kowa ba. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da na cuta.

Bara simintin ya ci mini hannu. Ya fara da ƙaiƙayi tsakanin yatsu, ya koma tsagewa, har ya zama ko alwala zan yi sai na cije leɓe. Na bar aikin na dawo gida tun rani bai yi nisa ba. A asibitin garinmu likita ya duba hannun, ya rubuta mini ordonas, wato takardar sayen magani, na karɓo wani man shafawa a farmasi, ɗan siriri a cikin kwali, na koma na nuna masa. Ba zan yi muku ƙarya in ce bai yi mini bayani ba. Ya yi, har ya maimaita. Ya ce, “Malam, wannan ba irin man da ake shafawa bayan wanka ba ne, magani ne mai ƙarfi. Ka matso ɗan kaɗan, ka shafa shi sirara a inda ciwon yake kawai. In kwanakin da na yanka maka sun cika ka dawo in gani, kada ka ci gaba da kanka. Kada ya je fuska, kada ya je kusa da ido. Kuma naka ne kai kaɗai, ko da ka ga wani da ciwo mai kama da naka.” Na ce to, likita. Na bi abin da ya ce, hannuna ya warke sumul, kamar ban taɓa taɓa siminti ba. Likitan ya hana ni komawa gini a wannan shekarar. Ragowar man da kwalinsa na jefa su aljihun jakar cin rani, na manta da su.

Zaman gidan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci. Indo ce ta matsa mini. Ta ce, “Tunda hannu ya ƙi siminti, a ba shi alƙalami mana. Na gaji da kai wa ƴaƴan maƙwabta wayarmu portabul su karanta mana saƙon ƴarmu, suna jin sirrin gidanmu.” Ƴarmu ta fari tana aure a Kurni, ta yi lakwal, wato makarantar boko, ita kuma rubutu take turowa. Haka na fara zuwa, bayan la'asar in yaran lakwal sun tashi, mu manya mu zauna a kan bencinsu gwiwoyinmu na dungurar tebur. Ni ba mai saurin ganewa ba ne, amma ina da haƙuri. Abin da wasu suka ɗauka a zama ɗaya ni sai na kwana da shi, na kai shi gona, na dawo da shi. Ranar da na fara karanta saƙon ƴarmu da kaina, harafi bayan harafi, Indo ta yi guɗa a tsakar gida kamar an kawo amarya. Tun daga ranar ta daina ce mini Maigida, sai Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal. “Mushe, ga tuwo.” “Mushe, me aka rubuta a buhun nan?” “Mushe, karanta mini bayan motar can.” Da wasa ta fara, amma na san har zuciyarta take faɗa. Ku gaya mini, wane namiji ne zai ji haka kansa bai kumbura ba?

To, ga ranar. Da hantsi ne, tana matsar mai ita da maƙwabtanmu mata biyu, ni ina gindin darbejiya ina bitar karatu. Kwanaki ke nan wani abu ya fito mata a kunci, zagayayye, bakinsa da ƴan ƙuraje, yana mata ƙaiƙayi. Ɗaya ta ce makero ne, ɗayar ta ce zafin wutar suya ne. Sai Indo ta ce, “Af, ina man nan da ya warkar da hannun Mushe? Ai da saura.” Ta shiga ɗaki ta fito da kwalin. Babbar cikinsu ta ce, “Ke Indo, maganin hannu a fuska? Ki dai tambaya.” Indo ta yi dariya ta ce, “In tambayi wa, ga mai karatu a gida? Ku tsaya ku ji. Mushe, taso ka karanta mana takardar da ke ciki.”

Na karɓa na warware ta. Doguwa ce, rubutun ƙanana kamar tururuwa, kuma duk Faransanci. Mu Hausa muke koyo a aji, ba a fara mana Faransanci ba a lokacin. Haruffan na san su duka, amma in na haɗa su ba sa ce mini komai. Mata uku sun tsayar da aiki, hannuwansu na ɗigar mai, suna kallona. Me ya hana ni cewa ban iya wannan ba? Kalma huɗu ce fa. Me ya hana ni cewa likita ya ce kar a ba kowa? Wallahi maganarsa tana kunnena a lokacin, ban manta ba. Amma na ga yadda Indo ta ɗaga kai tana kallon maƙwabtan, irin kallon nan na ku ga mijina. Sai na shiga bin layi da yatsa ina neman ko da kalma ɗaya da zan kama. Can sai na ga wasu kalmomi biyu da aka rubuta da baƙi sosai, sun fi sauran kauri: ne jamais. Na karanta yadda aka koya mana, kowane harafi da muryarsa. Ne, ja, ma, is. Na sake. Ne jama'is. Mushenmu na aji ya taɓa gaya mana harsuna suna aron kalmomi wurin juna, kamar yadda muka ari moto da lakwal. Na ce ashe su ma sun ari tamu. Na duba ƙasa na sake ganin ta, na duba gaba na sake ganin ta. Na gyara murya na ce, “An rubuta na jama'a ne. Har wuri uku aka rubuta. Kowa na iya shafawa.”

Babbar ta ce, “Ikon Allah, da Hausa?” Na ce, “Aro suka yi.” Indo ta tafa hannu ta ce, “Kun ji ko? Da sai in ɓata yini a layin asibiti.” Ni kuwa na gaya wa kaina cewa likita ya faɗi nasa ne don mutane su riƙa komawa wurinsa, amma ai takarda ta fi shi sani, tunda waɗanda suka yi maganin su suka rubuta ta. Haka na rufe bakin zuciyata.

Abin da ya ƙara rufe mini ido, maganin ya yi kamar ya yi aiki. Kwana kaɗan ƙaiƙayin ya tsaya, jan ya kwanta. Indo ta zagaya unguwa tana nuna kunci tana ba da labarin karatuna. Da ta daina shafawa sai abin ya dawo, ya fi da faɗi. Ta koma shafawa ya kwanta. Ta daina ya dawo, wannan karon har gefen hanci da ƙasan kunne. Sai ta ce tunda yawo yake yi bari ta riƙa shafe fuskar duka, safe da yamma, kuma ba sirara ba, lafta shi take yi yadda ake lafta man kaɗe. Na gani. Na san an ce da ni ɗan kaɗan. Na yi shiru, don in na ce wani abu za ta ce in nuna mata a takarda. Da nawa ya ƙare ta ɗauki kwalin ta kai wa masu sayar da magani a tebur ranar kasuwa, suka ba ta irinsa, ba wanda ya tambaye ta ordonas. Haka aka ci watanni. A hankali fuskarta ta fara haske, wani irin haske marar kyau, ga wuya baƙi yadda Allah ya yi shi. Fatar ta yi laushi tana sheƙi, har ana ganin ƴan jijiyoyi ja a kumatunta. Ƙananan ƙuraje suka zagaye mata baki. In ta zauna gaban wutar suya sai ta ce fuskar kamar an watsa mata barkono. Duk da haka ba ta taɓa zargin man ba. Ta zargi wuta, ta zargi sabulu, ta zargi ruwan rijiya, ta canza duka. In wani ya ce ko man nan ne, sai ta ce, “Ina! Wannan an karanta shi.”

Gaskiya ta same ni ne a aji. Mun yi nisa, mushe ya fara ɗan tsakura mana Faransanci, kalmomin da mutum zai gamu da su a hanya da asibiti. Wani yammaci ya rubuta kalma a allo, ya juyo ya ce wa ya taɓa ganin wannan. Ina ɗaga kai na gan ta, tsohuwar abokiyata. Ni da ban cika ɗaga hannu ba, ranar har miƙewa na yi. Na ce, “Jama'a ke nan, Mushe. Wato abin kowa da kowa.” Wani tsoho mai gyaran keke da muke benci ɗaya, wanda ya zauna Yamai da ƙuruciya, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, “Jama'a, ku zo ku ga jama'a! Kai wa ya kai Bature jama'a?” Aji ya ɗauka. Mushe ya tsawatar, shi ma yana danne dariya. Ya ce, “Malam, ƙoƙari ka yi, amma Faransanci ba a karanta shi yadda aka rubuta. Wannan jame ake cewa. Ma'anarta sam, ko kusa, har abada. In kuka gan ta a takardar magani da ne a gabanta, ku tsaya cak, hani ne mafi ƙarfi. Ana cewa ne kada a kuskura.”

Na zauna. Ban san sauran abin da aka koyar ba ranar. Suna dariya, ni ina ganin fuskar Indo. Wuri uku da na ƙirga da alfahari, ashe sau uku takardar ta ce mini kada a kuskura, ni kuma sau uku na ce bismillah. Tun daga ranar ƴan aji suka laƙaba mini Na-Jama'a. Na san in wani cikinsu ya ga wannan rubutu zai gane ni. In ka gane ni, ɗan'uwa, ka rufa mini asiri, mai gyaran keke ma na yafe maka dariyar. Abin da ya fi ciwo, sunan ya bi ni har gida. Indo ta ji wani ya kira ni da shi a ƙofa, ta tare ni da murna ta ce, “Ka gani? Tun ba ka gama ba har an san kai mutumin mutane ne.” Yanzu in tana cikin nishaɗi haka take haɗa mini, Mushe Na-Jama'a. Kowane kira kamar an ɗora mini garwashi a ƙirji.

Washegarin ranar da aka yi mini dariya a aji na ɗauki kwalin a ɓoye na tafi asibiti. Likitan da ya duba ni ba ya nan, na samu majo, babbar ma'aikaciyar jinya, wata dattijuwa mai tabarau. Na ce mata wani abokina ne matarsa ke shafa wannan a fuska, na kwatanta yadda fuskar ta koma. Ta juya kwalin, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Tun yaushe?” Na ce an daɗe. Ta ce, “Wa ya rubuta mata?” Na ce ba kowa, na mijin ne ya rage. Ta ajiye shi a tebur ta ce, “Malam, wannan man yana kwantar da kumburi da ƙaiƙayi ne, ba ya kashe makero. In makero ne, rufe shi yake yi, shi kuwa yana ta yaɗuwa a ƙarƙashi har kamanninsa su canza. Fatar fuska kuma siririya ce, ba kamar ta hannu ba, in aka daɗe ana shafa mai ƙarfi irin wannan sai ta ƙara sirancewa, ta kuma saba da shi, da an daina ta yi bore. Shi ya sa matar take komawa. Kada abokinka ya ce zai gyara da kansa, kada ya sayo wani man ya ɗora a kai. Ya kawo ta a ga fuskar da ido, a san me ke ƙasa, a san yadda za a raba ta da shi da abin da za a ba ta. In aka zo da wuri da yawa yana gyaruwa, in aka ja lokaci wani tabon ba ya tafiya. Kuma ya ɗauke shi daga inda yara suke, fatar jariri tana shan sa fiye da ta babba.” Na yi godiya na miƙe. Har na kai ƙofa ta ce, “Malam.” Na juyo. Ta ce, “Ka gaya wa abokin naka ba shi ne na farko ba. Ya kawo ta kawai.” Na san ta gane. Na fita kaina a ƙasa.

Da mutumin kirki ne ni, daga nan gida zan wuce in zaunar da ita. Abin da na yi, na ɗauke man daga kan taga na jefa a masai, na bar ta tana nema, har ina taya ta ɗaga tabarma. Kwana biyu ba ta shafa ba fuskar ta yi jawur ta kumbura, tana fifita da murfin kwano tana hawaye. Na ce mu je asibiti. Ta ce, “Asibitin me, Mushe, alhali mun san maganin? Ɓata kawai ya yi.” Ranar kasuwa ta sayo wani. Yanzu a ƙugunta take ɗaure shi, wai kar ya sake ɓata. Na sake cewa mu je a duba, ko don ƙurajen bakin. Ta ce in ta je za su ce bilicin take yi, kamar yadda ake faɗa a gari, ita kuwa ba za ta iya jin wannan daga bakin ma'aikata ba. Don kuwa ana faɗa. Matar da ba ta taɓa sa ko hoda ba sai ranar salla, yau ita ake nunawa da baki. A wurin niƙa wata ta ce mata, “Indo, fuskar Agadas, wuyan Matameye, yaushe za a ƙarasa aikin?” Ta dawo ta ba ni labari tana dariyar yaƙe, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ta daina kai mai kasuwa da kanta. In za ta fita sai ta ja mayafi har hanci. Gidanmu da ake jin dariyarta daga waje ya yi tsit.

Ga abin da ya fi hana ni sukuni. Yayarta, Hajiya, ta zo daga Kance, ita ta riƙe Indo tun rasuwar mahaifiyarsu. Magana ta kai mata. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, “Buɗe fuskar in gani.” Indo ta buɗe. Hajiya ta yi salati ta ce, “Indo, da girmanki? Kina shirin ɗaukar jika? Me kika rasa? Shi ya ce baƙinki ya ishe shi?” Indo ta fashe da kuka ta ce, “Wallahi Yaya magani ne, ba man bilicin ba ne. Na jama'a ne, kowa na shafawa, Mushe ya karanta a gaban mutane.” Hajiya ta juyo gare ni, ina tsugune a bakin ƙofa na zo gaishe ta. Ta ce, “Malam, kai ka karanta?” Ga ƙofa Allah ya buɗe mini. A ranar farko zan iya cewa jahilci ne, ban sani ba. Amma ranar nan na sani, na ji daga bakin mushe, na ji daga bakin majo. Indo ta ɗago jajayen idanu tana kallona, tana jiran in wanke ta. Na ce, “Na karanta, Hajiya.” Iyakar abin da na ce ke nan. Ban yi ƙarya da baki ba, ai na karanta ɗin. Amma ni da Allah mun san me na yi. Hajiya ta ce to in ba man ba ne, sai dai a nemi taimako, ko baki ne ya kama ta. Ta koma Kance da niyyar aiko da rubutun sha. Indo kuwa da yamma ta kawo mini fura ta ce, “Na gode da ka tsaya mini.” Ban iya sha ba.

Na yi ƙoƙarin faɗa, kada ku ce ban yi ba. Rannan na same ta tana tsince gyaɗa na ce, “Indo, akwai maganar da nake so mu yi game da karatun nan nawa.” Ta ce, “Kar ka ce mini za ka bari! An ce ranar rufe aji kai za ka karanta a gaban baƙi, har na kai shaddarka wurin tela. Ko fuskar nan ba ta warke ba sai na je, in rufe ta in zauna a baya in ji muryarka.” Ta ina zan ɓullo bayan wannan? In ce mata abin da take alfahari da shi, shi ya ƙona mata fuska? In ce watannin da ta yi tana kuka, tana shan gori, wasu daga cikinsu ina sane? Kuskuren karatun zan iya faɗa, ina jin ma za ta yi dariya, ta ce Bature ne da rubutun banza. Shirun da ya biyo baya shi ne ban san da wane baki zan faɗa ba.

Abin da ya sa na rubuto yau, lokaci ya ƙure mini. Ƴarmu ta Kurni ta haihu, mace, an yi suna lafiya. Indo ta je suna fuska a rufe ta dawo, jibi za ta koma ta zauna mata wankan jego. Shekaranjiya ƴar ta turo saƙo, na karanta wa uwar: jaririyar ta yi ƙuraje a wuya da inda ƙunzugu ke kama ta. Indo ko tunani ba ta yi ba ta ce, “Rubuta mata kar ta damu, ina tafe da man Babanta, na jama'a. Shafa biyu zai kwanta.” Na riƙe portabul na rubuta, tana tsaye a kaina tana kallon yatsana da sha'awa. Abin da na rubuta shi ne, kada ki bari a shafa mata komai, ko daga hannun wa ya fito, ki kai ta asibiti su gani. Indo ta ce, “Ka rubuta?” Na ce na rubuta. Ta ce, “Kai, ilimi da daɗi.” Ga shi na sake cin amanarta da karatun da ita ta tura ni in koyo.

Jikata dai ba za a shafa mata ba, wannan ko zai jawo mini me, in ta kama in bi motar Kurni da ƙafa zan bi. Amma da Indo ta isa ta kwance ƙugu ta fito da man, ƴarta za ta ce Baba ya hana. Kuma ƴar ta yi lakwal, tana jin Faransanci. Za ta warware takardar ta karanta wa uwarta a gaban dangin miji, yadda aka rubuta ta. Indo za ta ji a gidan surukai, daga bakin ƴar da ta haifa, abin da ya kamata ta ji daga bakina a ɗakinmu.

Na san za ku ce in gaya mata, ni ma na san haka. Yadda zan faɗa ne ban sani ba. In faɗi kuskuren kalmar kawai, in yi kamar yau na gano, don ta yarda mu je wurin majo kafin tafiyar? Ko in faɗa duka, har da man da na jefa masai ina taya ta nema, har da amsar da na ba Hajiya? In kira Hajiya ta zauna a tsakani, tunda a gabanta na bar ƙanwarta da zargi, ko wannan tsakanina da matata ne? Matan da ke wannan shafi, ku na fi so in ji, in mijinki ne ya yi miki haka, wanne za ki iya ɗauka? Ba na tsoron faɗanta, da ma ta yi. Abin da nake tsoro shi ne ta saurare ni har ƙarshe, ta yi shiru, gobe ta ajiye mini tuwo ta ce, “Maigida, ga abinci.”

Tana tsakar gida yanzu tana ɗaure kayan tafiya, ina jin ta tana kirana in zo in karanta mata abin da aka rubuta a jikin sabulun jarirai. Don girman Allah ku ba ni amsa kafin jibi. Me zan yi?